Yadda zaka warware sunan Lord ɗin ƙasar Ailan ka gane ko waye shi

Shekaranjiya bayan isha'i muna zaune a majalisarmu ta Shara Mansur, an sauke shayi, yaro ya tafi karɓo tamis, sai ga wani bidiyo ya faɗo guruf ɗinmu na WhatsApp. Hoton wani tsohon Bature ne sanye da harami, mai magana kuma yana ta zuba wai ga Sarkin ƙasar Ailan da ya ajiye mulki ya musulunta ya zo Hajji, wai shi ne Lord na farko da ya shiga Musulunci, wai Sarkin Saudiyya da kansa ya fito ya tarbe shi. Baba Alhaji har da kabbara, ya ce a tura masa a jawwal ɗinsa zai aika wa jikoki a Kano. Na ce Baba kayi haƙuri, mutumin nan gaskiya ne ya musulunta, gaskiya ne yayi Hajji, amma wallahi bai taɓa zama sarkin ko da unguwa ɗaya ba. Ya kalle ni ya ce kai yaro, to Lord ɗin da aka sa masa na ado ne? Musu ya kaure har shayi ya huce.

Na yi shekaru ina aikin tarjama a Jidda, irin waɗannan sunaye sun sha ratsa hannuna, so bari in nuna muku yadda ake kwance su ɗaya bayan ɗaya, kuma da wannan dattijon na bidiyo zamu yi aikin, Lord Headley, ana faɗinsa Hedli.

Abu na farko, kar ka tsaya a kan "Lord wane" da ka gani a Facebook. Nemo cikakken rubutun sunan. Na mutuminmu haka yake: Rowland George Allanson Allanson-Winn, 5th Baron Headley. Ka ga waƙafin nan da ke tsakiya? Nan zaka sa wuƙa ka raba. Duk abin da yake kafin waƙafi sunan yanka ne da sunan gida, wanda yake bayansa kuma sarauta ce. Ya'ani Headley ba sunansa bane, kamar yadda Sardauna ba sunan Ahmadu Bello bane. An haife shi a Landan a 1855 yana Rowland Allanson-Winn, da wannan sunan yayi karatu a Kambirij, da shi yayi suna a damben Turawa har ya rubuta littafi a kansa, da shi yayi aikin injiniyan hanya a Kashmir. Sai da ya kusa shekara 58 sannan ya zama Headley. Wannan yana da amfani in kana bincike, don in ka rubuta Headley kaɗai kana neman abin da yayi a samartaka, zaka ɓata dare kana karanta labarin wani mutum daban.

Wanda ya kawo mu ga lambar. Wancan 5th ɗin yana nufin shi ne na biyar da ya riƙe sarautar tunda aka ƙirƙire ta a 1797. Kullum ka duba lamba. An yi Lord Headley har guda bakwai, kuma kowannensu a jaridar zamaninsa "Lord Headley" kawai ake rubutawa ba lamba, to kai ne zaka haɗa shekarar labarin da shekarun kowannensu. Labarin da ya faru a 1900 na na huɗu ne, ba na Alhajinmu ba. Kamar dai a ce maka Sarkin Kano yayi kaza, ai sai ka tambaya wanne, Dabo ko Abbas ko Ado.

Anan ne Baba Alhaji ya tambaye ni wa ya naɗa shi, kuma nan ne al'adarsu ta rabu da tamu sosai, don haka bari in ɗan daɗe. A wurinmu in sarki ya rasu masu zaɓen sarki ke zama, a duba 'ya'yan sarki da ƙannen sarki da sauran gidajen sarauta, a yi ta kai-komo, a fitar da ɗaya, a naɗa rawani, a yi hawa. Su babu wannan ko kaɗan. Takardar da Sarkin Ingila ya bayar ranar da aka ƙirƙiri sarautar ita ke faɗin yadda za a gada, kuma yawanci abin da take cewa shi ne 'ya'ya maza na wanda aka fara ba, babba kafin ƙarami. Mai sarauta na cikawa, a daidai wannan lokacin magajinsa ya zama Lord, ko yana barci ko yana cikin jirgin ruwa bai ma sani ba, ko malami ne ko shashasha. In babu ɗa namiji sai a koma baya a bi ta kan 'yan uwan uba a sauko. Haka ta faru ga Rowland, ba daga mahaifinsa ya gada ba, ɗan uwansa na dangin uba ne, Baron na huɗu, ya rasu a 1913 bai bar ɗa namiji ba, sarauta ta biyo jini ta same shi. A wannan shekarar dai, cikin watan Nuwamba, ya bayyana musuluntarsa ya ɗauki suna Shaikh Rahmatullah al-Faruƙ. Shi yasa abin yayi ƙara a jaridu, da injiniya Rowland ne ya musulunta da ba wanda zai waiga, amma sabon Lord ne.

Abin mamaki, tsofaffin mutanen Ailan kafin Ingila ta danne su tsarinsu ya fi kama da namu, dangi ke zaɓar magaji cikin mazan gidan tun mai sarauta yana da rai. Zamanin Sarki Henry na 8 ne aka fara cewa shugabanninsu su miƙa ƙasarsu a mayar musu da ita da sarautar Ingila, kamar Conn O'Neill da aka mayar Earl na Tyrone a 1542. Har yau akwai ragowar tsohon tsarin, in ka ga an rubuta The O'Conor Don misali, wannan shugaban gida ne na gargajiyarsu, ba ya cikin lissafin da muke yi.

Sai matsayi. Hawa biyar ne daga sama zuwa ƙasa: Duke, Marquess, Earl, Viscount, Baron. Na huɗun ana faɗinsa baikaun, harafin s ɗin nan ba a furta shi, na sha jin kunya a kansa. Huɗun ƙasa duk Lord ake ce musu a magana, Duke ne kaɗai ba a ce masa Lord, kuma a rajistar Ailan gidaje biyu ne kacal ke da Duke, Leinster da Abercorn. Toh kaga mutuminmu Baron ne, hawa na ƙarshe. Da a fadar Hausa ne sai a ce hakimi ne da ke zama can wajen ƙofa, babba ne a gari amma akwai na gabansa da yawa. Sarkin Ailan kuma a lokacin shi ne Sarkin Ingila, George na 5, babu wani.

Yanzu mu zo kan sunan gari, wanda shi ne ramin da kowa ke faɗawa. A takardar sarautar an rubuta Baron Headley, sannan can gaba aka ce "of Aghadoe in the County of Kerry", wato na Aghadoe a gundumar Kerry da ke kudu maso yammacin Ailan. Mutum na gani sai ya ce shikenan, shi ne hakimin Aghadoe, shi ke karɓar haraji da yanke shari'a. A'a. Sunan wuri ne ake liƙa wa sarauta don a san inda aka jingina ta, ba a ba shi garin ba. Gidan Headley suna da filaye a Kerry, amma a matsayin masu gona da ke karɓar kuɗin haya, kuma asalinsu ma mutanen Yorkshire ne ta Ingila. Mu Hausawa bai kamata wannan ya ruɗe mu ba, Sarkin Kontagora sarautarsa Sarkin Sudan ce, wa ya taɓa ganinsa yana mulki a Hartum?

Da na faɗi haka abokinmu ɗan Mai Wurno ta Sudan da ke gefe ya ajiye kofi ya ce to ai ku tsaya, mu an taɓa sa sunan babban birninmu a kan Bature. Gaskiya ya faɗa. Kitchener, janar ɗin Ingila da ya ci yaƙin Karari a Sudan a 1898, an ba shi Baron Kitchener of Khartoum a shekarar, ya hau Viscount a 1902, ya hau Earl a 1914, kuma wani ikon Allah shi ma a gundumar Kerry aka haife shi a 1850. Amma lura da bambanci, a nasa Hartum tana cikin jikin sarautar, babu waƙafi tsakani, tambarin nasarar yaƙi ce aka manna masa. A na Headley kuwa Aghadoe tana bayan waƙafi, don haka ba a kiransa da ita. In "of" ya zo manne da sarauta ka karanta su tare, in ya zo bayan waƙafi ka bar shi a takarda.

Kuma duk da an haifi Kitchener a Ailan ba Lord ɗin Ailan bane. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a wurina, ka duba a wace rajista aka rubuta sarautar. Rajista biyar ce: ta Ingila, ta Sukotlan, ta Ailan, ta Birtaniya daga 1707, sai ta Haɗaɗɗiyar Masarauta daga 1801. Nemi layin da ke cewa "in the Peerage of Ireland". Wurin haihuwa ba ya shiga lissafi. Headley an haife shi a Landan amma sarautarsa ta Ailan ce, Kitchener an haife shi a Ailan amma tasa ta Haɗaɗɗiyar Masarauta ce. Akwai ma wanda bashi da haɗi da ƙasar ko na anini aka ba shi, Curzon, da za a tura shi mulkin Indiya a 1898 aka yi masa Baron a rajistar Ailan, kuma shi ne na ƙarshe, daga kansa ba a sake ƙirƙirar sabuwa ba.

Me yasa za a ba mutum sarautar ƙasar da ba tasa ba? Saboda kujera. Kafin 1801 Ailan na da majalisarta a Dublin, da aka haɗe ta da Birtaniya aka rufe majalisar, sai aka ce masu sarautar Ailan ba duka zasu shiga zauren Lord-Lord na Landan ba, su zaɓi mutum 28 a cikinsu su wakilce su, wanda aka zaɓa kuma har mutuwa. Sauran suna da suna amma babu kujera, sai dai an bar musu ƙofa ɗaya, suna iya tsayawa takarar majalisar wakilai a wata mazaɓa ta Birtaniya, abin da Lord ɗin Ingila ba zai iya ba a lokacin. Haka Palmerston yayi, Viscount ne na Ailan amma a majalisar wakilai yayi rayuwarsa har ya zama firayim minista a 1855. Toh sarautar Ailan ta zama hanyar karrama mutum ba tare da an cika zauren sama ba. Don haka duk wanda ya ce maka wane Lord ne na Ailan a wancan zamanin saboda haka ɗan majalisar Lord-Lord ne, ka ce ya nuna maka sunansa cikin 28 ɗin nan, ko ya nuna maka wata sarauta ta biyu da yake da ita a rajistar Birtaniya, gado kaɗai ba ya bada kujera. Bayan kudancin Ailan ya ɓalle a 1922 ma an daina zaɓen, na ƙarshensu Earl na Kilmorey ya rasu a 1961. Tsarin mulkin Ailan na 1937 kuma ya hana gwamnatin ƙasar bada sarauta irin wannan kwata-kwata.

Akwai wani tarko, Lord da aka bi shi da sunan yanka. In ka ga Lord Charles Beresford, da Charles a tsakiya, wannan ba mai sarauta bane, ɗan mai sarauta ne, ƙananan 'ya'yan Duke da na Marquess ake yi wa haka don girmamawa, kamar mu ce Yarima ko ɗan sarki. Shi wannan ɗan Marquess na Waterford ne, sojan ruwa, yana cikin waɗanda suka hau Nilu a 1884 zuwa 1885 don ceto Janar Gordon da aka yi wa ƙawanya a Hartum suka makara. Sai a 1916 ya samu tasa ta kansa, ya koma Lord Beresford babu Charles, kuma a bayan waƙafin tasa an sa Matamma ta Sudan. Babban ɗan Duke ko Marquess ko Earl kuma aron ƙaramar sarautar ubansa yake yi yana amfani da ita kafin ya gada. 'Ya'yan Baron irin su Headley basu samun Lord, The Honourable ake sa musu a rubutu kawai.

Sir daban ne, wannan mun san shi. Irin na Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana ƙarewa da mai shi, akwai kuma na gado da ake ce wa baronet, zaka ga Bt a ƙarshen suna, gidan Headley suna da wannan ma a ƙarƙashin babbar sarautar. Sir da sunan yanka yake tafiya, Sir Ahmadu, ba Sir Bello ba. Lord na gaske kuma da sunan sarauta, Lord Headley, ba Lord Rowland ba, ba Lord Winn ba. Matarsa Lady Headley. Shi kansa in zai sa hannu a wasiƙa kalma ɗaya yake rubutawa, Headley, halas.

Kar kuma ka ɗauka sarauta kuɗi ce. A 1922 kotu ta ayyana Lord Headley a matsayin wanda ya karye, bashi ya fi ƙarfinsa, shekara ɗaya kafin Hajjinsa kenan. Yana da shekara 68 ya taho, a Hajjin 1923, wato 1341 ta Hijira, tare da Khwaja Kamaluddin na masallacin Woking da ke Ingila wanda ta hannunsa ya bayyana Musulunci. Shi Khwaja ɗin ɗan ɓangaren Lahore ne na Ahmadiyya, na san malamanmu zasu ɗaga gira, wannan zance ne nasu, ni suna na zo warwarewa. Suka biyo ta Masar suka sauka Jidda. Wanda ya karɓe su a Makka Sharif Husaini bin Ali ne, Sarkin Hijaz, har ya ba shi lambar girma ta Nahda. Sarki Abdul'aziz bai karɓi Makka ba sai 1924, sunan Saudiyya kuma sai 1932, so mai bidiyo ya haɗa mutanen da basu haɗu ba a wannan tafiyar. Ka dinga auna shekara da wanda ke mulki a lokacin, rabin ƙaryar WhatsApp anan take mutuwa. Maganar shi ne Lord na farko ma ba haka bane, Lord Stanley na Alderley ya riga shi da shekaru masu yawa, ya rasu tun 1903. Inda nake zaton zancen "sarki" ya samo tushe shi ne an taɓa yi wa Headley tayin gadon sarautar Albaniya ya ƙi karɓa, sai labari ya bi baki ya juye.

Abin da yayi na gaske ya isa a faɗa ba sai an ƙara gishiri ba. Ya kafa ƙungiyar Musulmin Birtaniya a 1914 ya shugabance ta, ya rubuta littafin A Western Awakening to Islam, yayi ta fafutukar a gina babban masallaci a Landan har ya je Indiya neman gudummawa wurin Nizam, sarkin Haidarabad, bai ga ginin da idonsa ba. Ya rasu ranar 22 ga Yuni 1935 aka binne shi a maƙabartar Brookwood ɓangaren Musulmi.

Na ƙarshe da zaka duba, sarautar tana raye ko ta mutu. 'Ya'yansa biyu sun riƙe ta ɗaya bayan ɗaya, na shida da na bakwai, na bakwai ya rasu a 1994 babu magaji namiji, sarauta ta rufe. Zaka ga an rubuta extinct a ƙarshen jerin sunayen. Ma'ana duk wanda ya aiko maka saƙo yau wai shi ne Lord Headley jikan Alhaji yana tara kuɗin gina masallaci, ka toshe shi. Ba wasa nake ba, ɗan yayata da ke Madina ya taɓa tura riyal ɗari da wani abu wa wani shafi a intanet, suka aiko masa da takarda mai hatimin zinari wai ya mallaki fili taku ɗaya a ƙasar Turawa ya zama Lord, ya sa ta a firam ya rataye a falo, da na je na ce ɗana wannan ko a baƙala ba za a baka ruwan Zamzam da ita ba, uwarsa ta kusa faɗuwa don dariya, shi kuma kwana biyu bai gaishe ni ba. Sarauta ta gaske daga Sarkin Ingila kaɗai take fitowa, ba a sayenta da katin banki, kuma waɗanda ake ba yanzu kusan duk na rayuwar mutum ne kawai tun dokar 1958, ba a gadonsu.

In zaka rubuta shi da Hausa a sako ko a aikin makaranta, karon farko ka sa cikakke, Rowland Allanson-Winn, Baron Headley na 5, mai sarautar gado a rajistar Ailan, daga nan sai ka ci gaba da Lord Headley. In kana so ka ƙara Alhaji a gaba ba laifi, shi ma bayan ya koma gida da Al-Hajj Lord Headley ake buga sunansa. Baba Alhaji dai ya ce shi duk wannan dogon Turancin bai dame shi ba, Alhaji Hedli zai ce, amma ya sa na goge kalmar sarki daga saƙon kafin ya tura Kano.